Sheƙar Tantabara a Bututun Baraka

Munzali ya yi shekara talatin da takwas a Makka ba shi da takarda ko ɗaya. Daga Gumel ya zo aikin hajji yana ɗan shekara ashirin da uku. Ranar komawa ya ɓuya a bayan wani gidan burodi a Tandabawi har jirginsu ya tashi. Fasfonsa ya daɗe da ruɓewa a cikin gwangwanin madara. Gajere ne, siriri, ba ya yawan magana, yana da wani busasshen tari da kan riga shi isa wuri. Ba malami ba ne, ba kuma mutumin da ake jin daɗin hira da shi ba ne. Ya iya aikinsa, shi ke nan.

Aikin nasa sharar bututun hayaƙi ne, abin da mutanen garin ke kira madkana. Wanda bai zauna a Makka ba zai yi dariya, ya ce wa zai hura itace a wannan zafin. Ana hurawa. Masu mandi suna gasa raguna a rami da itace. Masu burodi suna da tanderu. Wasu tsofaffin Rusaifa suna da murhun jin ɗumi a ɗakin baƙi, su kunna shi kwana ashirin lokacin sanyi, su manta da shi sauran shekara. Sannan ga matan Hausawa na kan duwatsun Misfala, masu tuƙa tuwo da suyar masa don alhazai. Duk inda ake hura itace kunkunniya tana taruwa a cikin bututu, ta yi kauri, ta daskare kamar kwalta. Wata rana ta kama da wuta, ko ta toshe hanya hayaƙin ya dawo kan masu ɗakin.

Mai gidan burodin da ya ɓoye shi, wani ɗan Yaman, shi ya fara tura shi sama da igiya, don shi ya yi ƙiba ba ya iya hawa. Daga nan Munzali bai sake wata sana'a ba.

Lokacin aikinsa shi ne lokacin da kowa ke hutawa. Idan alhazai suka watse, Muharram ya kama, aka kashe wuta a gidajen girki, sai a fara aika masa. Kayan aikinsa igiya ce da sarƙa mai nauyi wadda ya ɗaure wa dunƙulen waya a baki. Da an sallame Asuba yake hawa soro, kafin rana ta sa ƙarfe ya gagari hannu. Ya saki sarƙar cikin bututu, ya jawo, ya sake saki, har sai ya ji wayar tana kartar bulo ba kwalta ba. Ya sauko ya kwashe baƙin da ya zubo. Daga nan ya ƙona jiƙaƙƙen tsumma a murhu, ya koma sama ya tsaya har ya ga hayaƙi ya fito da idonsa. Ko mai gida ya ce ya isa, ba ya sauka sai ya gani. A ƙarshe ya ɗaure ragar waya a bakin bututun saboda tsuntsaye.

Abu ɗaya yake so a duniya: ya mutu a Makka, a sallace shi a Harami, a kai shi maƙabartar Shara'i inda aka binne matarsa Lailatu shekara tara da suka wuce. Ba su haihu ba. Likkafaninsa yana nan a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa, ya jiƙa shi da zamzam ya shanya tun shekarar da ta rasu. Duk rayuwarsa a kan wannan burin ya tsara ta. Bai taɓa zuwa asibiti ba. Ba ya riƙe waya. Ba ya shiga rigima ko da shi aka zalunta. Idan ana kame kafin hajji, sai ya rufe kansa a ɗaki mako uku. Ba ya gudu a titi ko me ya faru, don ya ce askarawa mai gudu suke kallo. Yakan ce aikinsa ya dace da shi, tunda ba wanda ke ɗaga kai ya dubi saman soro.

Cikin masu kiransa akwai Baraka, yayar marigayiya Lailatu. Mijinta ɗan tsofaffin gidajen nan ne da suka zo ta Cadi da Sudan tun zamanin kakanni, ya mutu ya bar ta da igama, wato takardar zama, ita da 'yarta Asma. Zamansu halal ne, amma girkinsu ba shi da izini. Idan ma'aikatan baladiyya, hukumar gari, suka gano irin wannan ɗakin, sukan kwashe tukwane su rufe wurin. Gidan yana can saman dutsen Misfala, matakala ɗari biyu da 'yan kai daga titi, ta lunguna da ba su da suna. Mota ba ta hawa. Ɗakin girkin ba shi da taga, sai ƙofar ƙarfe ɗaya, da na'urar sanyi a bango, da bututun da Munzali da kansa ya gina mata da bulo.

A wannan shekarar ya makara. Manyan gidajen mandi ya fara yi, bai iso wurin Baraka ba sai ashirin ga Muharram, murhunta ya yi mako uku a kashe. Ya same ta zaune a bakin ƙofa tana shafa wa gwiwarta man zafi.

"Sai yau, mijin ƙanwata? Ai mun ɗauka an yi tarhil da kai, an mayar da kai gida, kana can Gumel kana korar awaki."

"Bakinki, Yaya Baraka."

"Masu raguna sun sallame ka, ka tuna da masu masa. Asma! Kawo wa baban hayaƙi shayi, kada ya faɗi a gidana a ce ni ce."

Asma ta haura shekara talatin, a Makka aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Ammi take ce masa, wato baffa. Ta miƙo masa kofi ta ce, "Ya Ammi, wannan tarin naka, wallahi yana tashin yara daga barci."

Ya shanye ya hau. Abin da ya fara gani shi ne babu raga a bakin bututun. Bara ya ga ta fara tsatsa, ya ce za ta ƙara shekara. Ba ta ƙara ba. Ya sunkuya zai leƙa, wata tantabara ta fito fur, ta kusa dokar masa fuska, ta sauka a kan tankin ruwa tana kallonsa. Kamu ɗaya ƙasa da bakin, inda bututun ya lanƙwasa, ta tara tsinke da ƙaiƙayi ta cika hanyar. A tsakiya ƙwai biyu ne.

Munzali ya tsaya da sarƙa a hannu. Kowa a garin nan ya san cikin iyakar Harami ba a kashe tsuntsu, ba a korarsa, ba a fasa masa ƙwai. Wanda ya kashe tantabarar Makka, tunkiya ce fansarta. Ba tunkiyar ta dame shi ba. Shi dai ba ya son ya shiga ƙasar Shara'i da wannan a wuyansa, bayan duk taka-tsantsan ɗin da ya yi. Ya naɗe igiyarsa ya sauko.

"Har ka gama?" in ji Baraka. "Ko tsufa ne ya hana ka?"

"Tantabara ta yi ƙwai a ciki."

Asma ta ce, "To ka ɗauke sheƙar ka ajiye gefe, ya Ammi, halas."

"In na taɓa, uwar ba za ta koma ba. Ni na kashe su ke nan."

"Ke rufa mana baki," in ji Baraka. "Baƙuwar Allah ce ta zaɓi gidana. Ku yaran yanzu ba ku tsoron komai. Kwana nawa, Munzali?"

"Kafin su ƙyanƙyashe su tashi, kwana arba'in da biyar, ko hamsin. Sai in zo in share. Amma kafin nan kada ki hura itace a murhun nan. Hayaƙin ba shi da hanya."

"Na ji."

"Ko tsinke, Yaya."

"Na ce na ji, ko kurma ka mai da ni? Ni da girki ai sai watan Rabi'ul Awwal. Gwiwar nan ma hutu take so."

Itace ya ambata. Bai yi zancen gawayi ba, don bai taɓa ganin ta girki da shi ba.

A gindin dutsen akwai Garba mai shayi, mutumin Cadi, shi ma ba takarda, shi kaɗai ne za a iya kira abokin Munzali. Da ya ji labarin ya girgiza kai.

"Kai dai ka fiye takura kanka. Na taɓa jin malami ya ce in akwai cutarwa ana cirewa."

"Babu cutarwa. Ba ta girki yanzu."

"Baraka? Matar nan in ta ga tanda a mafarki sai ta tashi neman mai."

Munzali bai yi dariya ba. Ya sha shayinsa ya tafi.

Kwana goma sha biyu bayan haka, ya sauko daga wani soro a Rusaifa, ya iso wurin Garba wajen ƙarfe tara na safe, hannuwansa baƙi ƙirin. Garba yana zuba masa shayi yana murmushi.

"Ban faɗa maka ba? Yayar matarka ta koma bakin aiki. Hajiya Khairiyya ce ke aurar da 'ya yau, ta ce ko masar Baraka ko a fasa walima. Shekara ashirin tana yi mata, yaya za ta ce a'a?"

"Da wane murhun?"

"Kwantar da hankalinka, tantabararka tana lafiya. Mata ai akwai dabara. Jiya aka hau mata da buhu biyu na gawayi. Ɗaso maƙwabciyarta ce ke ba ni labari. Wai gawayi ba shi da hayaƙi, tsuntsuwa ba za ta ji ba, baladiyya ba za ta gani ba. Ka san makon jiya suka kwashe tukwanen wata a lungun ƙasa. Har buhu ta jiƙa ta cusa a gindin bututun, kada zafi ya taɓa ƙwan. Ta ce kada a gaya maka, wai za ka cika ta da wa'azi."

"Tun yaushe suka fara?"

"Tun da aka fito Asuba."

Munzali ya ajiye kofin. Shekaru da yawa baya, a wani gidan burodi, ya taɓa taya fito da ma'aikata biyu da suka rufe ɗaki da kaskon gawayi don jin ɗumi. Babu hayaƙi a ɗakin ko kaɗan. Fuskokinsu sun yi kyau kamar masu barcin ƙoshi.

Ya ɗauki sarƙarsa ya ruga. A titin Misfala, da rana tsaka, mutane na kallonsa, tsoho baƙi da kunkunniya yana gudu da sarƙa. Garba yana kiransa bai waiwaya ba.

Matakalar ta kusa kashe shi. Sau biyu ya durƙusa yana tari har ya ga duhu. Da ya isa, ƙofar ƙarfen a rufe take ta ciki, an cusa tsumma a ƙasanta don kada ƙamshin suya ya bi lungu. Na'urar sanyi tana ta gurnani. Ya buga da hannu, ya buga da ƙafa.

"Yaya Baraka! Asma!"

Ƙofar gidan gefe ta buɗe, Ɗaso ta leƙo da ɗankwali ɗaure a goshi. Ita ce ke taya su suya.

"Lafiya, Alhaji? Suna ciki. Ni kaina ne ya sara, har na yi amai, Baraka ta ce in je in kwanta. Zazzaɓi ne ke yawo."

"Yaushe kika fito?"

"An yi awa guda."

Ya zura sarƙar ta hannun ƙofar, ya sa ƙafa a bango ya ja. A ja na uku sakatar ta ɓalle.

Ɗakin fes yake, ba ɗigon hayaƙi. Sanyi ma ake ji daga sama. Kasko uku na garwashi sun yi jajir, masa ta ƙone ƙurmus a cikin tanda. Baraka tana zaune a kan kujerar tsugunno, ta jingina da bango, cokalin juyi a hannunta, kanta ya karkata. Asma tana kwance rub da ciki, taku biyu daga ƙofa. Ga alama ta taso buɗewa.

Ya riƙe numfashi ya jawo Asma waje ta kafaɗu. Ya koma, shi da Ɗaso suka ja Baraka, mai jiki ce, suka shimfiɗe ta a kan simintin lungu. Asma tana numfashi, a hankali, da tsayawa tsakani. Na Baraka sai ka kara kunci a hancinta kafin ka ce ka ji wani abu, shi ma ba tabbas.

Ihun Ɗaso ya tara matan lungun. Maza duk sun fita nema. Wata ta kawo albasa tana matsawa a hancin Asma. Wata tana yayyafa ruwa tana salati. Wata ta zo da madara a kofi tana neman buɗe bakin Baraka da cokali.

"Ku bar madarar nan," in ji Munzali. "Za ta shaƙe. Iskar asibiti suke buƙata. A kira motar asibiti."

Mata takwas ne a wurin, ba mai igama ko ɗaya. Masu takardar su ne a kwance.

"In suka zo, da askarawa za su zo," wata ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Ɗaso ta ce, "Mu yi musu fifita, Alhaji. Ni ba ga shi na warware ba?"

"Ke kin fito da ƙafarki."

Ya sa hannu a aljihun rigar Asma ya ciro wayarta. Bai iya wayar ba, ya miƙa wa Ɗaso ya ce ta danna lambar gaggawa. Ta danna ta mayar masa. Ya yi magana da Larabcinsa na kasuwa: mata biyu, gawayi, ɗaki a rufe, ɗaya na numfashi. Mutumin ya tambayi sunan titi da lambar gida. Babu titi, babu lamba. Mutumin ya ce to wani ya sauko ya tsaya a bakin babbar hanya ya jagorance su, in ba haka ba za su ɓata rabin awa suna neman lungu.

Munzali ya ɗago ya dubi matan. Ɗaya ta tuna ta bar yaro shi kaɗai. Wata ta ja mayafi ta bi bango. Kafin ya miƙe saura Ɗaso.

"Ka kira, ya isa," in ji ta tana kuka. "Ka bi ta bayan dutse ka tafi. Za su gano gidan. Shekara nawa kana ɓoyo, Munzali? Lailatu tana can tana jiranka."

Ya dubi Asma. Leɓenta ya fara canzawa. Ya san hanyar bayan dutsen, minti biyar ya ɓace, ba wanda zai ce ya gan shi. Ya kuma san wa ya ga tsatsa a raga ya ce za ta ƙara shekara, wa ya naɗe igiya ya bar sheƙa a hanyar iska.

"Juya ta ta gefe," ya ce. "Kada ki ba ta komai. Idan kin ji muryoyi ki shige gida."

Ya sauka. A gindin dutsen Garba ya riga ya kwashe butarsa da kofunansa ya bar wurin. Ba wanda ya ga laifinsa, 'ya'yansa biyar. Munzali ya tsaya shi kaɗai a bakin titi, a rana, ya ɗaga hannu biyu sama. Motar asibiti ta zo, motar askarawa na biye da ita kamar yadda aka saba.

Ya shige gaba suna binsa da jaka da kwalbar iska da gadon ɗaukar marar lafiya. A hanya ya faɗa musu komai: kasko nawa, tun yaushe, wacce ta fi kusa da wuta. Suka sa wa Asma abin shaƙar iska suka sauka da ita da sauri. Biyu suka durƙusa kan Baraka suna danna mata ƙirji. Sun daɗe suna yi. Daga baya babbansu ya miƙe, ya cire safar hannu, ya ja mayafinta ya rufe mata fuska.

Munzali ya shiga ɗakin ya kashe garwashin da ruwa. Ya miƙa hannu gindin bututun ya zaro jiƙaƙƙen buhun. Daga can sama ya ji kukan tantabara.

Da ya fito wani matashin askari yana jiransa da littafi a hannu. Yaro ne mai ladabi.

"Kai ka kira, ya Hajj?"

"Ni ne."

"Allah ya saka maka. Igama?"

Munzali ya goge hannunsa a riga. "Mafi," ya ce, wato babu.

"Ka bar ta a gida?"

"Ba ni da ita."

"Tun yaushe?"

"Tun ba a haife ka ba."

Askarin ya daɗe yana kallonsa. Ya waiwaya ya dubi abokin aikinsa, ya sake dubansa. Sannan ya ce, a hankali, "Taho, ya Ammi." Bai sa masa ankwa ba. Ya ma riƙe masa hannu a wurin da matakalar ta karye.

Washegari bayan La'asar aka sallaci Baraka a Harami, cikin sahun da ba ya ƙirguwa, aka kai ta Shara'i. Munzali yana gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu ya ji labarin, daga bakin wani ɗan Misfala da aka kawo bayansa. Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ta samu." Aka ɗauki hoton yatsunsa goma da na idonsa, ya san abin da hakan ke nufi ga mai shekarunsa: ba zai sake shiga ƙasar ba. Bayan mako biyar aka sa shi a jirgin Kano da rigar da ke jikinsa da wata da aka ba shi sadaka.

A Gumel iyayensa da yayansa duk sun mutu. Ɗan yayansa Mahadi, wanda bai taɓa ganinsa ba, ya karɓe shi don kada a yi da shi a gari, ya ba shi ɗakin zaure. Hausarsa ta cika da Larabci, yara suna kwaikwayonsa, su ce yalla yalla su ruga. Babu bututun hayaƙi a unguwar. Mata a tsakar gida suke girki, hayaƙi ya tashi inda ya ga dama. Sau ɗaya, lokacin sanyi, ya ga matar Mahadi za ta shiga ɗaki da kaskon garwashi, ya ƙwace ya watsar a ƙasa yana faɗa. Ta ce wa mijinta tsohon nan ba shi da cikakken hankali. Bai yi musu bayani ba.

Asma ta rayu. Ciwon kai bai rabu da ita ba, takan manta abin da ta shiga ɗaki ɗaukowa, kuma ba ta sake suyar masa ba. Bayan hajjin da ya biyo, wata hajiya 'yar Gumel ta kawo wa Munzali akwatin ƙarfensa. Garba ne ya fasa ɗakin ya ɗauko, Asma ta biya kuɗin awo. Hajiyar ta kira Asma a waya ta kara masa a kunne.

"Ya Ammi, ya jiki? Tarin fa?"

"Yana nan. Ke fa?"

"Alhamdu lillahi."

Ba ta gode masa ba, ba ta kuma zarge shi ba, shi ma bai nemi ko ɗaya ba. Can ya ce, "Ƙwan nan fa?"

"Sun ƙyanƙyashe. Duka biyun sun tashi."

"An sa raga?"

"Na sa an toshe bakin da siminti."

"To," in ji shi, ya miƙa wa hajiya wayarta.

Ya buɗe akwatin ya duba likkafanin. Ya ɗan yi rawaya a wurin ninki, amma asu bai taɓa shi ba. Ya mayar ya tura ƙarƙashin gado.

Damina ta biyu da dawowarsa tarin ya kwantar da shi, ya rasu wata Talata da hantsi. Mahadi ya nemo liman, aka yi masa sutura da likkafanin da ya zo daga Makka. Ranar aikin gona ce, mutum goma sha huɗu suka yi masa salla a ƙofar gida. Ƙasar wurin yashi ce, ga ruwan sama ya jiƙa ta, masu haƙa ba su daɗe ba.